Neman Littafin da Dada Za Ta Yarda da Shi

Ana sallame sallar asuba muka bar Lau, ni da ƙanwata, ko kunun da aka dama ban tsaya sha ba. Ku da kuke bibiyata kun saba in sa muku hoton kifi ko na fadamar shinkafa. Yau kam ku yi haƙuri, labarin littafi na kawo, kuma wallahi har yanzu kaina bai gama warwarewa ba.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, tana da ciwon suga, kuma ta daɗe tana shan ƙwayar asibiti lafiya lau. Wata ranar kasuwa wani mai tallar magani da lasifika ya sayar mata da wani gari a leda, ya haɗa mata da ɗan littafi mai koren bango. Dada ba ta karanta boko, amma allo kam ta yi shi da kyau. Ta buɗe shafin farko ta ga bismilla da ayoyi da harafin Larabci, ta bi su da idonta, ba ta ga kuskuren wasali ko ɗaya ba. Shi ke nan, magana ta ƙare. Sauran shafukan na boko ta sa ƙanwata ta karanta mata, inda aka ce suga yana warkewa tas da shuwaka da tafarnuwa da wannan garin, a ajiye ƙwayar Bature. Dada ta ajiye.

Na yi lallashi, na yi faɗa iya wanda ɗa zai iya yi wa uwa. Na nuna mata likitoci suna bayani a waya, ta ce waya bakin kowa ce. Na ce to jami'in asibitinmu fa? Ta ce wannan yaron a gabanta aka yanke masa cibiya. Daga ƙarshe ta ɗaga littafin nan sama ta ce, “Wannan a rubuce yake. In kana da ja, kawo naka rubutun.” Ga ta kullum tana ramewa, ga shan ruwa kamar ba gobe. To ni ne na kama hanyar Jalingo neman nawa rubutun.

Kun san halin mutanenmu, da an ji za ka birni sai saƙo ya yi ta zubowa. Maƙwabcina ya ce in sayo wa 'yarsa littafin tambayoyin jarrabawa, limamin unguwarmu ya ce in duba masa wani na fiƙihu, ƙanwata kuma, da yake sana'arta ƙunshi, ta ce ƙafarta ƙafata, littafin zanen lalle take so.

Motar da muka samu tsohuwa ce, an cusa mu huɗu-huɗu a kujera, bayanta kuma kwandunan banda har rufi. Kafin mu fita gari duk mun koma ƙamshin kifi. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Na yi ƙorafi, direban, wani Mumuye mai fara'a, ya juyo ya ce, “Malam, fetur ta tashi, hanya kuma ya mutu.” Gaskiyarsa. An kwana biyu ana ruwa, taɓo ya cinye wurare da yawa, motar tana tafiya tana rausaya kamar agwagwa. Amma ƙasar ta yi kyau, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, ga masu rake sun jera shi a bakin hanya. Na kalli raken nan na ce a raina, mu da Allah Ya ajiye a garin zaƙi, ga abin da zaƙi ya yi mana.

A nan ne ƙanwata, da take kirana Hamma, wato yaya, ta ce min, “Hamma, ka lura Dada ta daina cire safa? Bikin makon jiya na ce in sa mata lalle a ƙafa, ta hana ni ko taɓawa.” Na ce tsufa ne, tsofaffi ai ba su rabuwa da jin sanyi. Ta ce a wannan zafin? Daidai lokacin motar ta faɗa wani rami har kaina ya bugi rufi.

Ta garin Kona muka shiga Jalingo. Duwatsun nan sun yi lulluɓi da ciyawa, mata sun kasa sabuwar doya tsibi-tsibi, manya-manya kamar cinyar mutum. Na tambayi kuɗi don in ji, na ji, na mayar da kaina cikin mota. A tasha muka hau keke zuwa babbar kasuwa. Jalingo ta cika, ta batse, kowa da yarensa, amma da an zo ciniki sai a haɗu a Hausa, kowa ya murɗa ta yadda bakinsa ya ba shi.

Layin masu littattafai kuwa, jama'a, nan ne na gane ni malamin firamare ne kawai. Rumfar da muka tsaya, an shimfiɗa tamfol an zube littafi har kan hanya. Na fassarar mafarki yana kan na kimiyya, na addu'o'i yana jingine da na koyon zane, na girke-girke yana ƙarƙashin wani ƙaton na aikin jinya. Na gaya wa mai rumfar abin da nake nema: littafi da Hausa a kan ciwon suga, na gaskiya. Ya ce duk na gaskiya ne, ya kwaso min tuli. Na ce wanne ya fi? Ya zaro ɗaya ya ce, “Wannan yana tafiya sosai.”

Na buɗe. Tirƙashi! Littafin Dada ne sak, kalma da kalma, sai dai bangonsa shuɗi ne kuma sunan marubucin daban. Na ƙara tonawa na sami wani mai jan bango, shi ma maganar ɗaya, shi kuma an sa hoton wani mutum da farar riga da abin awon ƙirji a wuya. Wato mutum uku sun rubuta littafi ɗaya, har kuskuren buga harafi iri ɗaya suka yi. Na ajiye su na ɗauki wasu. Wannan ya ce zuma ce maganin suga, a sha safe da yamma. Na kusa da shi ya ce mai suga ko warin zuma kada ya ji. Wani ya ce a ci gaba da shan ƙwaya a shafin farko, can tsakiya kuma ya ce ƙwaya ce ke kashe ƙoda. Dukansu sun fara da bismilla, dukansu sun ce an jarraba an gani. Na tsaya riƙe da littafi a kowane hannu, ban san na dama ne maƙaryaci ko na hagu ba.

Na ce bari in huta da na jarrabawa, tunda lissafi dai fagena ne. Na ɗauki guda biyu na duba tambaya ɗaya, amsa ta bambanta. Na karɓi biro na yi aikin a tafin hannuna, sai na sami amsa ta uku. Na sake yi, na sake samun tawa. Mai rumfa ya leƙo ya ce in ɗauki mai kaurin, shi iyaye suka fi so. Na ɗauki wanda aƙalla ya nuna hanyar da ya bi kafin ya ɓata, na ce yarinya ta kai wa malaminsu su warware.

Ƙanwata ma ba ta tsira ba. Littattafan lallen duk hotuna ne da aka kwaso daga waya aka buga, sun yi dishi-dishi, ba a gane inda zare ya fara balle inda ya ƙare. Ta jujjuya ɗaya ta taɓe baki ta ce wanda ya haɗa wannan bai taɓa riƙe ƙafar mutum ya zana ba. Ta bar su.

Wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi shi ne ƙaton nan na aikin jinya, nauyinsa kamar bulo, ga sunayen likitoci jere. To amma da Turanci yake. In na kai wa Dada, ni zan fassara, kuma na san me za ta ce: wannan bakinka ne, ba littafi ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Na sayi shuɗin nan, tagwayen na Dada, don in sami abin nunawa, muka fita.

Azahar ta same mu a unguwar Majidaɗi, gidan Kawu, yayan Dada. Aka yi gaisuwar Fulatanci, “jam na, jam na,” aka tambayi mutanen Lau ɗaya bayan ɗaya har da shanun da muka daɗe da sayarwa. Aka kawo dafaffiyar doya da manja da yaji, aka biyo da fura da kindirmo mai sanyi. A nan ne na ji hankalina ya fara dawowa jikina. Kawu yana da ɗaki guda na littattafan addini, kuma saƙon liman bai ɗauke shi komai ba. Ya zaro bugu biyu na littafin, ya buɗe gaba ya buɗe baya, ya ce wannan ya faɗi wanda ya rubuta da wurin wanda ya yi karatu da wanda ya duba bugun, wancan kuwa ba uwa ba uba. Ya ba ni mai asalin ya ce in kai wa liman aro.

Sai na miƙa masa shuɗin littafin na ba shi labari. Ya sa tabarau ya karanta shafin farko a hankali. Ya ce, “Ayoyin daidai suke. Amma aya ba ta ce ta tsaya wa mai garin leda shaida ba. Shi ya jingina kayansa da ita.” Na ji daɗi na ce Kawu, don Allah kira ta ka gaya mata haka. Ya yi dariya har da tari, ya ce tun suna yara bai taɓa kayar da Dada a gardama ba, ba kuma yau zai fara ba. Ta ce rubutu, to a kai mata rubutu. Sannan ya ce akwai wani shagon littattafai a jikin wani coci ta hanyarmu ta komawa, wani maƙwabcinsa ya taɓa samo littafin kiwon lafiya da Hausa a can.

Na ce, “Kawu, coci fa ka ce.”

Ya ce, “Littafin ciwo na ce ka sayo, ba na sallah ba.”

Haka muka sake hawa keke, ni dai raina ba daɗi. Shagon ƙarami ne, tsaf-tsaf, wata dattijuwa ce a ciki tana ɓare gyaɗa. Littattafan waƙoƙin coci ne da na addininsu suka fi yawa, sai kanta ɗaya a lungu ta lafiya da noma. Na yi mata bayani, ta miƙe a hankali ta ɗauko wani littafi mai bangon da rana ta ci, ba hoton kowa, ba kwalliya. Da Hausa yake, mai sauƙi, kuma a baya an jera ma'aikatan lafiyar da suka haɗa shi da irin aikin kowannensu. Wannan ya yi daidai da awon Kawu. Amma da na fara karanta babin suga sai na ga matsala. Layin farko ma cewa ya yi ciwon ba ya warkewa, sai dai a iya zama da shi. Kusan kowane babi kuma da abu ɗaya yake ƙarewa: in ka ga kaza, wannan ya fi ƙarfin gida, je asibiti.

Ku duba min wannan lamari. Littafin Dada ya yi mata alkawarin warkewa tas, ni kuma zan kai mata wanda ya buɗe baki da cewa ba ya iyawa. Ba bismilla a farkonsa. Ga kuma hatimin shagon da gicciye an buga a shafin ciki, baƙi ƙirin. Da me zan yi gardamar?

Dattijuwar ta ga ina jujjuya shi, ta ce, “Ɗana, ni ma ina da suga. Littafin nan ba ta warkar da ni ba. Ni dai abin da ta ce in yi, ina yi.” Ta koma kan gyaɗarta, ko tallar ba ta ƙara yi min ba.

Ina shirin mayarwa ƙanwata ta karɓa tana buɗawa, don ita hoto take bi. Sai na ga ta tsaya cak a wani shafi. Zanen tafin ƙafa ne da baƙin alƙalami, da wani ɗan rami a ƙarƙashin babban yatsa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Hamma, wanda ya zana wannan ya ga ƙafa ta gaske. Dubi yadda fatar ta yi kauri a gefen ciwon. Mu saya.” Na ce saboda zane? Ta ce eh, saboda zane. Ni da na yini ina auna littafi da ilimina ban tsinana komai ba, ban ga bakin musu ba. Na biya, kuɗinsa ma bai kai na shuɗin nan na ƙarya ba.

A mota hatimin nan ya hana ni sakat. Na ce in yage shafin, na kama gefensa har ya fara tsagewa, na fasa. Na ce in manna takarda a kai. Na ce in ce wa Dada a kasuwa na saya. Ƙanwata ta ce matar da ta gane wasali ɗaya bai ɓace ba, ita ce ba za ta gane an yage shafi ba? Na bar shi yadda yake. Bayan Kona hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa, motar ta kafe a taɓo, duk maza muka fita turi. Na cusa littafin cikin riga na ɗaure da leda, ni na jiƙe sharkaf, shi ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ina turi ina tambayar kaina ko wahalar banza nake yi.

Rana ta yi sanyi muka shiga gida. Dada tana kan tabarma a gindin mangwaro, da carbinta, da safarta. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa mata. Ta auna shi a hannu kamar mai sayen kaza. Ta buɗe, idonta ya sauka kan hatimin, ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta juya shafi, ta sake juyawa, tana neman abin da na san babu.

“Littafin da ba shi da bismilla ka kawo min?”

Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Can Dada ta ja numfashi ta turo min shi ta ce, “To ai kai kana da baki. Yi masa, ka karanta.”

Na yi bismilla na fara. Kowane layi sai ta tare. Da na karanta ba ya warkewa, ta ce wannan marubucin bai san Allah ba ne? Da na zo kan rage tuwo, ta ce yunwa suke so ta kashe ta. Na ga dai tafiyata ta tashi a banza. Sai ƙanwata ta miƙo hannu ta buɗe shafin zanen ta ce in karanta nan. Na karanta: ciwon suga yakan kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba, kuma gyambon da ba ya zafi shi ya fi haɗari, don shi ne ake bari har a rasa ƙafar.

Wannan karon Dada ba ta tare ba. Ta karɓi littafin ta kai shi kusa da idonta, ta kalli zanen nan har na fara jin kiran kaji suna shiga akurki. Sannan a hankali ta ce, “Wa ya gaya musu?”

Ta ajiye carbi, ta tuɓe safar ƙafar hagu. Akwai tsumma a ɗaure. Da ta kwance, ga shi nan a ƙarƙashin babban yatsa, daidai inda aka zana, da kaurin fatar a gefe, an cusa garin ledar nan a ciki ya yi baƙi. Ta ce, “Ba ya min zafi. Shi ya sa na ce warkewa yake yi.”

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ina gida ɗaya da matar nan, kullum sai na gaishe ta safe da yamma, ina ta gardamar takarda da ita, ashe ƙafarta tana ruɓewa a cikin safa. Na yi kuka, ban ɓoye ba, ita ce ma take ce min in yi shiru kada maƙwabta su ɗauka mutuwa aka yi.

Washegari a kan wannan mugunyar hanyar muka koma Jalingo da ita, asibiti. Sun wanke, sun ɗaure, sun yi mana faɗa son ransu, sun ce in Allah Ya yarda yatsan zai tsira tunda bai kai ƙashi ba. Ta koma shan ƙwayarta. Yanzu muna gida, kuma ku taya mu da addu'a.

In kun tambaye ni yadda ake zaɓen littafi mai amfani, wallahi har yau ban iya ba. Abin da na tsinto kaɗan ne. A duba wa ya rubuta, a ina ya koya, kamar yadda Kawu ya yi. A ji tsoron wanda ya ce komai yana iyawa. Kuma duk cikin tulin nan da na tona, wanda ya ce wannan ya fi ƙarfina, je asibiti, shi kaɗai ne ya san abin da ke cikin safar uwata.

Jiya da safe na tarar da Dada da reza a hannu da koren littafinta a cinya. Ta bi shafin farko a hankali ta yanke shi, mai bismilla da ayoyin, ta sumbace shi ta sa a cikin gafakar Alƙur'aninta. Sauran ta miƙa wa ƙanwata ta ce ta hura wuta da shi, a ɗora ruwan wankin ƙafa.